Keke Ɗaya Tsakanina da Yaya

Shekarar da man fetur ya yi tsadar da ta gagari mai albashi, na jingine babur ɗina a zaure, na lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Ina koyarwa a wata firamare a Kura, gidanmu kuwa yana wani ƙauye a hanyar Bunkure, a bakin kanal ɗin da ke kawo mana ruwan noman rani. Na gwada motar haya, amma mota ba ta tashi sai ta cika, ni kuma ina zaune a ciki ina jin lokacin shiga aji yana wucewa. Sai na yanke shawarar sayen keke.

A daidai lokacin ne yayana ya dawo daga asibiti da labarin ciwon suga. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, gida ɗaya muke zaune, kowa da sashensa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya tsaya a gona ni na tafi makaranta. Mutum ne kakkaura, mai yawan dariya da son shayi mai zaƙi. Tun da ya samu ɗan hali ya daina shiga laka da kansa. 'Yan ƙwadago ke dashen shinkafa da cirar tumatir, shi yana gindin mangwaro yana ba da umarni. Likita ya ce masa ya bar sukari, ya rage tuwo, ya riƙa motsa jiki. Yaya ya tambaye shi wane irin motsa jiki kuma ake nema a wurin manomi. Likitan ya dubi tumbinsa, ya ce ko keke ne ya riƙa hawa da yamma.

Shi ya kawo shawarar mu haɗa hannu mu sayi guda ɗaya mai kyau. Ni in hau da safe zuwa makaranta, in na dawo shi ya karɓa bayan la'asar. Ya ce keke biyu a gida ɗaya ɓarna ce, tunda ba lokaci ɗaya za mu hau ba.

Ran wata Asabar muka shiga Kano, wajen masu sayar da kekunan gwanjo. Ni a zatona baƙin keke irin na iyayenmu za mu saya mu dawo. Sai muka tarar da shago cike, wasu a rataye, wasu a jingine, kowane da siffarsa. Mai shagon ya saurari buƙatarmu, sannan ya nuna mana masu lanƙwasasshen kai ya ce na tsere ne, hanyarmu za ta kashe su. Ya nuna masu taya kamar ta babur ya ce na hawan dutse ne, a kan kwalta za su gajiyar da ni. Daga nan ya ja mu ciki inda ya jera waɗanda ya kira ruwa biyu. Ya ce su ba na tsere ba, ba na dutse ba, an yi su don mai zuwa aiki da mai yawon shan iska. A cikinsu biyu ne suka dace da tsayinmu da kuma aljihunmu.

Na farko ruwan toka ne, siriri, da hannu ɗaya na ɗaga shi. Tayarsa ba ta da kauri, kansa a miƙe yake kuma a ƙasa, giyarsa na shiga ba ƙara. Ba shi da kariyar ɗora kaya a baya, ba shi da komai na ƙari. Da na hau shi a layin bayan shagon, taku kaɗan na yi na ji ya ɗauke ni kamar ana tura ni. Nan take na ga kaina ina isa makaranta ban jiƙe da gumi ba.

Na biyun kore ne, ya fi nauyi nesa. Tayarsa mai ɗan kauri, sirdinsa faffaɗa mai laushi, kansa ya taso sama har mutum ya zauna a miƙe. Yana da kariya ta ƙarfe mai ƙarfi a baya. Fentinsa ya ɗan goge a gefe ɗaya.

Yaya ya naɗe babbar rigarsa ya ɗora a kafaɗa, ya hau siririn. Rabonsa da keke tun yana saurayi. Ya sunkuya ya kamo kan, tumbinsa ya tokare shi, ya yi ta karkace-karkace har ya kusa shiga tiren mai gyaɗa. Ya sauko yana haki yana dariya, ya ce wannan ai ruku'u ake yi a kansa. Da ya hau koren kuwa sai ya zauna daram kamar a kujera. Ya je ƙarshen layi ya dawo, ya sake komawa ba wanda ya ce ya koma.

Muka yi ta ja. Na ce ni ne mai doguwar tafiya kullum, kuma rabin hanyata kwalta ce. Ya ce sauran rabin fa, da bakin kanal da ƙaya da ramuka? Na ce nauyin koren zai karya ni kafin ƙarshen zango. Ya ce ai ni ma motsa jikin ba zai cuce ni ba. Mai shagon ya ga abin namu ba mai ƙarewa ba ne, ya koma wajen wasu masu ciniki. Aka kira azahar, muka tafi masallaci ba mu tsayar da magana ba.

A wajen alwala na lura Yaya yana murza yatsun ƙafarsa yana kallonsu. Na tambaye shi lafiya. Ya ce kwanan nan ji yake kamar da safa a ƙafarsa ko da babu, ruwan ma bai cika jin sanyinsa ba. Ya faɗa ne kamar abin dariya. Bayan mun idar, muna sa takalma, ya dafa kafaɗata.

"Malam, ɗauki naka kawai," ya ce. Haka yake kirana tun ranar da na fara koyarwa. "Kai ne mai aiki. Ni sai in riƙa takawa a ƙasa."

Na san Yaya. Ko masallacin unguwa sai an yi da gaske yake zuwa a ƙasa. Muka koma shagon, na ce wa mai shi ya duba mana birkin koren ya ƙara masa iska. A saman mota muka ɗaure shi zuwa gida.

Nauyin da na ji tsoro gaskiya ne. Makonnin farko cinyoyina suka yi tsami, ina isa aji rigata ta manne a bayana. A kan kwalta manyan motoci masu kwandunan tumatir suna wuce ni, iskarsu na neman jefa ni gefe, sai in gode wa Allah da keken yake da nauyi. A hankali jikina ya saba. Na koyi sauya giya kafin hawa gadar kanal, na riƙa ɗaure littattafan yara a kariya. In na shigo gida nakan tarar da Yaya ya riga ya sa gajeriyar riga yana jira a zaure, yana cewa na makara.

Da farko mutane sun yi masa tsiya. A wajenmu ba a hawa keke sai da dalili, ko gona, ko kasuwa, ko ɗauko taki. Babban mutum ya hau keke ya tafi ba aike ba saƙo, wannan sabon abu ne. In an tambaye shi ina zuwa, sai ya ce likita ne ya aike shi. Yakan bi bakin kanal ya yi kudu, ya dawo gab da magariba da labari cike da baki: inda ciyawar kacalla ta toshe ruwa, wanda alkamarsa ta yi kyau, wanda tsuntsaye suka cinye wa shinkafa. Wata rana ya ce min duk rayuwarsa a nan ya yi ta, amma gonarsa kaɗai ya sani, bai taɓa tsayawa ya kalli wurin ba. Ya ce akwai inda ruwa ke rabuwa biyu a wata ƙofar ƙarfe, in rana ta yi ja sai ka ga gonaki kore shar har iyakar ganinka.

A can ya yi aboki, wani mutumin Filato mai gyaran injin ban ruwa, wanda ya daɗe a yankinmu har Hausarsa ta koma ta Kano. Shi ma da kekensa. Ran Lahadi in ya dawo daga coci ya huta, sai ya biyo wa Yaya su fita tare. Har Kadawa sun taɓa kaiwa, suka dawo bayan an yi sallar magariba, matar Yaya na ta faɗa. A watannin nan tumbinsa ya ragu, fuskarsa ta washe, shayinsa ma ya koma ba sukari ba tare da an yi rigima ba. Muka ɗauka an ci ƙarfin ciwon.

A rani na biyu ne abin ya juya. Feda ta goge masa babban yatsan ƙafa, ko kuma ƙaya ce, shi kansa bai san lokacin ba, don bai ji ba. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da fita. Matarsa ce ta gano, ranar da ta ɗauki takalminsa za ta wanke. Kafin mu kai shi asibiti a Kura yatsan ya yi baƙi. Suka tura mu Kano. Aka cire yatsan, muka yi ta addu'a abin ya tsaya nan. Bai tsaya ba. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Ya dawo gida da sanduna biyu, ya rame har rigunansa suka yi masa yawa. Dariyar ta tafi. Yakan zauna a tabarma a ƙofar ɗakinsa, masu dubiya su zo su tafi, shi dai amin kawai yake cewa. In na dawo daga makaranta nakan sauka tun daga waje, in turo keken a hankali don kada ya ji ƙarar sarƙa. Amma yana ji. Wani lokaci ya ce tayar baya tana son iska, ko ya ce in sa wa sarƙar mai.

Wata Lahadi da la'asar abokinsa ya zo dubiya, ya jingine kekensa kusa da namu. Suka gaisa, hira ta ƙi tafiya. Yaya ya daɗe yana kallon kekunan biyu, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, kariyar nan za ta ɗauke ni kuwa?"

Matarsa ta ce a'a daga cikin ɗaki. Ya ce mata ta yi haƙuri, ba nisa za mu yi ba. Ita da kanta ta fito da matashi ta ɗaure a kan kariyar da ɗankwalinta. Ni da abokin muka ɗaga shi muka zaunar da shi a gicciye. Sai da na taka feda na san yadda ya ƙare. Buhun taki ya fi shi nauyi.

Muka bi bakin kanal a hankali, ya riƙe ƙuguna, abokin yana biye da mu a gefe, hannunsa ɗaya a bayan Yaya. Masu ban ruwa suka riƙa ɗago kai suna gaishe shi, ba wanda ya yi tsiya. Shi ke nuna min hanya, yana cewa in kauce wa rami kaza, in bi ta dama inda ƙasa ta fi tauri. Ranar na fara ganin ƙofar ƙarfen da yake ba ni labari. Muka sauke shi a kan dakalin siminti, ya sa hannu a ruwan da ke wucewa ya shafa a fuska. Tumatir ya nuna a gonakin gabanmu, mata na tsince wanda ya faɗi. Can sai Yaya ya ce da mun ɗauki siririn nan, da yau yana gida a kan tabarma. Abokinsa ya juya baya yana gyara abin da bai lalace ba a kekensa.

Mun sake fita irin haka wasu 'yan lokuta, duk ran da ya ji ƙarfi. Daga baya ƙodarsa ta taɓu, jikinsa ya kumbura, zama a kariya ya gagara. Ya rasu da damina, bayan an gama dashen shinkafa, da hantsi, ina aji. Aka aiko aka kira ni. A kan keken na dawo, ban tuna yadda na yi hanyar ba.

Abokinsa ya raka mu har bakin maƙabarta, ya tsaya daga waje har aka gama. Duk kwanakin zaman makoki yana zuwa ya zauna a ƙarshen tabarma, sannan ya tashi ya tafi.

Gonar ta dawo hannuna, ni da ban san lokacin sa taki ba sai na tambaya. Ina yin abin da zan iya ran Asabar da Lahadi. Matar Yaya da ta gama takaba ta koma gidansu a Bunkure da ƙananan yaran. Ranar kasuwa nakan je in duba su, in kai musu abin da aka samu a gona. Zuwana na farko na shigar da keken har tsakar gida. Ta kawo min ruwa, ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida, duk ba ta dubi inda yake ba. Da na tashi tafiya ta rako ni zaure, ta ce don Allah in na sake zuwa in riƙa barinsa a waje.