Ba'amurkiyar da Na Yi wa Wanka

A shekarun bayan yaƙin duniya ni ke wankan gawar mata a unguwarmu ta Takari a Makka, kuma lokacin Hajji mukan sauki alhazai a ɗakin zaure. Wata shekara muɗawwifi, mai raba wa alhazai masauki, ya kawo mana wani dattijo da matarsa, baƙaƙe wuluk kamar mu. Na yi musu sannu da Hausa, suka yi tsuru-tsuru. Ashe Amurkawa ne.

Ƙanen mijina ya taɓa dako a tashar jirgin ruwa ta Jidda, ya tsinci Turanci, shi ya zama tafinta. Ya kuwa sha aiki, don bakin dattijon nan ba ya hutawa. Ruwanmu, na Amurka ya fi sanyi. Burodinmu, na Amurka ya fi laushi. Har 'yar tuta gare shi a akwati, wai ya yi wa ƙasar soja. Da ya ishe ni na ce a tambaye shi, ba can ne muke jin baƙar fata ba ya zama a gaban mota ba? Ya ce haka ne. Ya ce amma kakanninsa ne suka nome ƙasar, kuma uwarsa tana kwance a cikinta. 

Matar kam ba ruwanta da surutu. Sai ta tsuguna gindin murhu ta taya ni tsintar shinkafa, muna magana da hannu.

Zafin Mina ne ya kayar da ita. Aka dawo da ita gida ranga-ranga, washegari da hantsi ta cika.

Nan muka tafka kuskure. A wurinmu wanda ya rasu a Makka bayan tsayuwar Arfa ya dace, har sha'awarsa ake yi. Maƙwabta suka dinga shigowa fuska a sake, suna kama hannunsa, "Mabruk ya Hajji, ta dace!" Ƙanen mijina, sarkin azarɓaɓi, ya fassara masa tas. Dattijo ya miƙe yana tambaya barka da me? Shi akwatin gawa yake so, zai mai da matarsa gida, sun riga sun kama wurin kabari biyu kusa da juna. Aka ce ina, a wannan zafi, ga tafiyar teku. Ya ce to a kafa mata dutse da sunanta. Aka ce nan ba a rubuta suna a kabari.

Ni dai na yi aikina. Na wanke ta da magarya da kafur, na raba gashinta gida uku. Tafin hannunta duk kantar aiki, irin nawa.

Ranar da zai tafi ya sa aka kira ni bakin labule. Ya ce a tambayi Hajiya, su wa ke kwance kusa da matarsa? Na ce ban sani ba, mata ba ma shiga maƙabarta. Amma uwata tana ciki, wadda ta tako da ƙafa daga ƙasar Sakkwato, ta mutu tana zancen komawa. Akwai mutanen Jawa, akwai mutanen Bukhara, kowa da garin da ya fi ko'ina.

Ya ce to wa zai riƙa gaishe ta? Wallahi ya ba ni tausayi. Na ce ina bin gefen katangar in za ni aiki, nakan yi wa uwata sallama, zan haɗa da tata.

Ya faɗa mini sunanta. Na gwada, harshena ya ƙi. Ya maimaita, na sake kwaɓawa. Sai ya share ido da gefen rigarsa, ya ce in bar wahala, in ce 'yar Amurka kawai, za ta amsa.

Haka nake ce mata har yau.