Dattijon da Ya Maimaita Mini Kwatance

Jama'a, yau na ga mutumin da na yi shekaru ina magana da shi ban taɓa ganin fuskarsa ba!

Kun san tun da na bar aikin hasumiyar filin jirgi, inda muke ba matuƙa umarnin tashi da sauka, na dawo Kabo, matata Hajiya kuma ta rasu, sai in wuni ban yi magana da kowa ba in ban da gaisuwar masallaci.

Ɗazu da hantsi ina zaune a bakin titi, wata mota ta tsaya. Wani dattijo ya leƙo ya yi sallama. Ya ce, “Malam, ina hanyar Lakwaya?”

Na ce, “Ka miƙe har Gwarzo, ka wuce tasha, ka karya dama.”

Sai ya maimaita! “Miƙewa har Gwarzo, wuce tasha, karya dama.” Har ya rufe da lambar motarsa!

Matuƙin jirgin sama ne ke mayar maka da umarninka haka, ya rufe da lambar jirginsa, don ka tabbata ya ji daidai.

Bakina ya kuɓuce, na ce, “Daidai ne. An ba ka izini.”

Ya kashe mota. Ya ce, “Wannan muryar! Wallahi kai ka saukar da ni ranar da hadari ya rufe Kano!”

Ni ma na gane tasa.

To kun san me muka yi? A rediyon hasumiya ba a hira, haka muka saba. Ka faɗi abin da ya kawo ka, ka bar wa na baya layi. Ya ce, “Na gode, hasumiya.” Na ce, “Sauka lafiya.” Ya ja motarsa.

Sai da ya ɓace na tuna ko sunansa ban tambaya ba. Kuma babu wanda ke jiran layi a bayansa. Ni kaɗai ne a bakin titin.