Kabarin Ƙanena a Bakin Teku

Ƙanena ya rasu a wani tsibiri cikin teku, inda ya je aikin bandar kifi. Abokin zamansa, wani dattijo ɗan Yawuri, shi ya kira ni ya ce sun yi masa sutura. Ya ƙara da cewa, "In za ka zo ziyara, ka zo kafin iskar damina ta yi ƙarfi."

Na ce to. Amma masarata tana gona a hanyar Salka, kuma mu a Kontagora kabari ba ya zuwa ko'ina. Na mahaifinmu yana nan inda muka bar shi. Inna abu ɗaya ta roƙe ni, in je in gani da idona, in yi masa addu'a a kai. Na ce mata sai an yi girbi.

Bayan girbi na tafi. Jirgin ruwa ya sauke ni a babban garin tsibirin, mai tasha, inda manyan jirage ke sauke shinkafa da siminti. A can dattijon ya tare ni. Ƙasar tudu duk ta 'yan gari ce da masu ɗakunan ajiya, in ji shi. Baƙi masu kifi suna ɗaya gefen tsibirin, a kan rairayi, ta inda iska ke bugowa. Hanyar mota ba ta kai ba, sai kwalekwale.

"Ɗan tudu, riƙe da kyau," ya ce, "kada ka yi mana amai a kan kaya."

Matuƙin ya yi dariya. "Baba, wannan ko a randa zai nutse."

Da muka kusa, suka daina wasa. Muka ratsa rumfunan banda, hayaƙi na cin ido, har ƙarshen gari. Dattijon ya tsaya inda ruwa ke lasar ƙafarsa, ya nuna gaba.

"Layin kabarinsa a can yake, ruwa ya riga ya cinye shi. Duk damina teku tana cin gaɓar nan. Waɗanda danginsu suka zo da wuri sun mayar da nasu sama."

Bai ce na gaya maka ba. Na ɗaga hannu na yi addu'ar ina fuskantar ruwa, na kasa haɗa ido da shi.

Da na dawo gida na tarar da Inna tana surfe.

"Ka gan shi?"

Na durƙusa na faɗa mata yadda abin yake. Ta jingine taɓarya. Na jira faɗa, bai zo ba.

"Tekun nan ta ina take?"

Na nuna kudu. Yatsana ya faɗa daidai kan rumbun masarata, cike har baki.

Tun ranar, in ta sallame salla, sai ta juya ta wajen ta daɗe tana motsa baki. Ni kuwa in zan ɗebo masara, sai na jira ta tashi.