Ranar Da Masu Tantancewa Suka Zo Makarantarmu

Ko na tsufa na manta sunayen magunguna, ba zan manta ranar da masu tantance makarantu suka zo kwalejinmu a Doha ba.

A lokacin ina aikin jinya, ina kuma karatun digiri na biyu da yamma a wata kwaleji mai zaman kanta, irin waɗanda ɗan kasuwa ke buɗewa don riba. Daga asibiti nake wucewa aji, ƙafafuna a kumbure, wani lokaci in tarar malami bai zo ba. Sau uku aka canja mini mai duba kundin bincikena, na ƙarshen kuwa ko fuskarsa ban taɓa gani ba.

Sai labari ya zo cewa hukumar da ta amince da kwalejin za ta turo mutane su ji ta bakin ɗalibai, kuma ina cikin waɗanda aka zaɓa. Ranar jajibirin zuwansu mu 'yan ajin muka haɗu a wani shagon shayi a unguwar Abu Hamour, gardama ta kaure. Wasu suka ce a tona asiri kowa ya huta, wasu suka ce in aka janye amincewar, takardunmu sun zama na ƙunshe gyaɗa.

Akwai wani dattijo a ajinmu, mutumin Zangon Kumasi, mai gyaran na'urorin asibiti. Shekara da shekaru yara na wuce shi a wurin aiki saboda ba shi da takarda. Ya jawo kujera kusa da ni, ya yi magana da Hausarsu da ba ta raba mace da namiji.

"Ƙanwata, ka rufa mana asiri. Wata uku ya rage mu gama, khalas, shi ke nan."

Na ce, "Baba, in sun tambaye ni fa?"

"Ka ce komai lafiya."

Washegari aka shigar da mu, har da dattijon, wani ɗaki mai sanyi kamar firji. Wata mata mai furfura ta tambaye ni yaushe rabon da in ga mai duba kundina. Wallahi da niyyar yin shiru na shiga, amma na gaji. Gajiya ce ta buɗe bakina, ba jarumta ba. Na faɗi komai. Matar ta juya ga dattijon, ta ce ko haka ne? Ya ce, "Abin da ta faɗa gaskiya ne."

Da muka fito bai kalle ni ba. Ba a jima ba aka janye amincewar, kwalejin ta rufe. Wasu 'yan ajinmu har yau ba sa amsa gaisuwata. Dattijon ya koma gida da kwantiraginsa ya ƙare, ba takarda. Ni ma sai da na sake karatun daga farko a wata jami'a, bayan na bincika rajistarta kamar mai neman aure.

Har yanzu ban san ko na kyauta masa ba. Abin da na koya shi ne, tambayar da ka ƙi yi ranar shiga makaranta tana nan tana jiranka, kuma ranar da ta zo, ba kai kaɗai za ta kayar ba.