Yarinyar da ke Kambarci da bakina

Salamu alaikum. Masu tambayar ina na shige tun azumin bara, ga ni. Kunya ce ta ɓoye ni.

Tun ina budurwa nake ɓata. Ina cikin tuƙa tuwo, sai in tsinci kaina a bayan ƙofa, tuwo ya ƙone, yara sun yi cirko-cirko. Wai na yi ta kuka da muryar yarinya, da wani yare. Unguwarmu a Kontagora kowa ya ce aljana ce. Hayaƙi kam na sha, ruƙiyya har malamai suka gaji da ni.

Da 'yata Hadiza ta haihu, na haɗa itace da ganyen darbejiya zan yi mata wankan jego. Mijinta ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ruwan zafi ne, ga jariri. Idan abin ya zo fa?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Hadiza ce ta ɗauki muryar a waya ta kunna mini. Kambarci ne, jama'a! Yaren da na ɗauka na manta tun da aka kawo ni riƙo daga wajen Nasko, kafin a yi Jihar Neja. Yarinyar cewa take, "Ku buɗe rumbun, ba zan ƙara ba." Na gane rumbun. Can ake kulle ni in na yi fitsarin kwance.

Muka tafi asibitin ƙwaƙwalwa a Kaduna, ina jan mayafi kada a gane ni. Aka ɗebi jini, aka gwada ko farfaɗiya ce, babu. Likita ta ce, "Hajiya, ba aljana ba ce, ba hauka ba ne. Idan azaba ta fi ƙarfin yaro, hankalinsa kan ware wani ɓangare ya riƙe masa ita. Yarinyar nan ke ce."

Babu allurar da ke cire shi. Zama ne da magana, wata bayan wata. Kuɗin mota ya cinye akuyoyina.

Ban ce na warke sarai ba, amma yanzu ina jin zuwan yarinyar, in zauna in lallashe ta. Alhamdulillahi. Hadiza, Allah ya yi miki albarka.

In naku yana ɓata haka, ku yi addu'a, ku kuma kai shi asibiti. Ku saurari abin da muryar ke faɗa.

Wancan wankan ya wuce ni. Amma jiya surukina ya aiko da itace, Hadiza ta kusa sake haihuwa. Ya ce a gaya wa Inna ta nemo darbejiya.