Eulogio, Wakilin Mazauna Gidan Mangwaro

A garin Magangué aka haifi Eulogio Pacheco, a bakin kogin Magdalena, kuma ya iya tuƙa kwalekwale tun kafin ya iya ɗaure wandonsa. Ya yi ta fiton mutane da buhunan rogo da aladu daga wannan gaɓa zuwa waccan har gemu ya fito masa. Kogin da uwarsa ta rantse shi zai ci shi bai taɓa yi masa komai ba. Daga kan rufin ɗakin surukarsa ya faɗo, ya hau toshe mata yoyo, bayansa ya karye. Daga ƙugu zuwa ƙasa bai sake jin komai ba. Matarsa ta yi haƙuri iya nata, sannan ta tafi Barranquilla neman aiki, aikin kuwa bai bar ta ta dawo ba. Ƙanwarsa ta riƙe shi har ƙarfinta ya ƙare. Daga nan sai Gidan Mangwaro.

Gidan yana da sunan wani waliyyi a jikin allo, amma da bishiyar tsakar gidan kowa ke kiransa. Duk manya ne a ciki: guragu, makafi, da waɗanda shekarunsu suka girma suka bar hankalinsu a baya. Doña Griselda ce shugaba, mace mai tarin makullai a ƙugu da ciwon kai da ba ya sauka. Eulogio ya yi shekara da shekaru a wurin yana wasan domino, yana mita. Miya ba gishiri, fanka na ƙara, limamin coci ya cika tsawaitawa.

Wata shekara hukumar lafiya ta fito da sababbin ƙa'idoji na gidajen kula da naƙasassu, ta aiko wata jami'a, 'yar siririya mai tabarau, wadda kowa ke kira Dakta. Ta zaga gidan, da ta gama ta lissafo abin da ta gani. Tukunyar gas na manne da murhu. Magunguna na kabad ɗaya da garin kofi. Ƙofar baya an garƙame ta da kwado, makullin kuma ya ɓata tun zamanin shugabar da ta rasu. Banɗaki santsi, ba ƙarfen kamawa. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, shi ya sa ba wanda ya ji daɗinsa.

Ta kuma ce dole mazauna su zaɓi wakili daga cikinsu. Fulgencio makaho, abokin dominonsa, shi ya fara ɗaga hannu.

"A ba Eulogio. Dama mita yake yi kyauta, gara ya yi ta da izini."

Aka ba shi usur da riga mai ruwan lemo. Ya ce ba ya so, ya sa rigar, bai sake cire ta ba sai ranar wanki.

An gyara gidan sannu a hankali. Magini ya yi gangara a bakin ɗakin cin abinci, Eulogio ya ce shi zai fara gwada ta. Kekensa na guragu ya kwashe shi da gudu, ya wuce mangwaron, sai kejin kaji ne ya tare shi. Da aka zo ɗaga shi, gashin kaza a kansa, ya ce, "A gaya wa maginin ta yi tsayi." Aka rushe aka sake.

Atisayen gobara ma ya sha wuya. Ranar farko ya busa usur ana cikin cin abinci. Kowa ya fita tsakar gida ban da Fulgencio.

"Mutumina, gobara ce!"

"Ta gaske?"

"Ta gwaji."

"To ni ma na fita na gwaji," in ji Fulgencio, ya ci gaba da shan romonsa.

Akwai wani abu a gidan da Dakta ba ta gani ba, don da safe ta zo. Wata mata ce, Doña Casilda, wadda ba ta magana sai can ba a rasa ba, ba ta kuma iya zama. Tafiya take yi wuni guda, ta taɓa ficewa har bakin kasuwa, masu sayar da kifi suka dawo da ita. Bayan abincin rana, lokacin da mai kula ɗaya ce kawai ke kan aiki, sai a zaunar da ita a kujera a ɗaure ta da zanen gado. Ba a matsewa. Ita dai takan yi ta jan zanen da yatsu har yamma.

Mai ɗaurewar Yolanda ce. Ita ce kuma ke juya Eulogio a gado don kada gyambo ya fito masa, ita ke yanke masa farce, tana zaginsa yana ramawa. Bai taɓa ganin ma'aikaciya mai hannu irin nata ba. Shekaru yana kallon zanen nan yana kau da kai.

Da Dakta ta dawo duba gyare-gyare, ta ce tana son ganin wakili shi kaɗai. Suka zauna a gindin mangwaro. Ta tambaye shi batun ruwa, ta tambaye shi batun abinci, ya yi mitarsa son ransa. Sannan ta cire tabarau.

"Malam Eulogio, ana ɗaure wani a gidan nan?"

Ya dubi kicin, inda Yolanda ke ɓare ayaba tana waƙa.

"Ana ɗaurewa, Dakta. Casilda, bayan abincin rana. Amma mai ɗaurewar hannu biyu gare ta, mu kuwa kin gan mu."

Ba a kori Yolanda ba. An ja mata kunne, an ja wa Doña Griselda nata fiye da haka, aka ce a ƙara ma'aikaciya da rana, a kuma kewaye tsakar gida yadda Casilda za ta yi tafiyarta ba ta fita titi ba. Da yamma Yolanda ta zo juya shi, ta juya shi daidai yadda ta saba, ta gyara matashin.

"Da ka fara gaya mini, tsoho."

"Da na gaya miki me za ki yi, 'yar nan?"

"Da na zage ka."

"To ai ga ni."

Ba ta zage shi ba. Ta daina zaginsa gaba ɗaya, tana kiransa ranka ya daɗe wakili. Wannan ya dame shi fiye da yadda ya bari a gani, har abinci ya rage ci. Sai da damina ta yi nisa wata rana ta ce masa kansa kamar ƙwaryar kwakwa, ya san an shirya.

Sabuwar ma'aikaciyar ba ta zo da wuri ba. Casilda kuwa an kwance ta, tana ta zagaye, tana tuntuɓe da saiwar mangwaro. Wata rana ta zo wucewa ta bayan Eulogio, ta kama hannuwan kekensa, ta tura. Ya yi ihu, ya busa usur, ba ta tsaya ba. Da ya lura ba ta tuntuɓe in tana riƙe da keken, sai ya yi shiru. Tun daga ranar kullum bayan abinci ita ke tura shi, suna zagaya bishiyar, ko da yaushe ta hannun hagu. Ya roƙi a koya mata bi ta hannun dama saboda jiri, ba a dace ba.

A cikin zagayen nan ta fara kiransa da wani suna. "Lucero," takan ce, ta ɗan bubbuga kafaɗarsa. Eulogio ya gaya wa Fulgencio cewa da alama sunan wani tsohon saurayinta ne, kuma ba laifinsa ba ne in mata na ganinsa suna tuna ƙuruciya.

Ranar wata Lahadi 'yar ƙanwar Casilda ta zo ziyara daga ƙauye, ta ji sunan, ta rufe baki tana dariya.

"Lucero ai jakinmu ne, kawu. Shi take korawa zuwa rijiya."

Fulgencio ya yi dariya har sai da aka kawo masa ruwa. Eulogio ya gyara wuyan rigarsa.

"Jakin kirki ne?"

"Ba ya harbi. Taurin kai dai."

"To shi ke nan," in ji shi. Ya waiwaya ya ce wa Casilda su tafi, rana na yi.