Yaya Binta ta Ɗakin Haƙori

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar Yaya Binta. Da na ƙirga sai na tarar yau na girme ta da shekara tara, ni da take riƙe wa hannu ta kai makaranta.

Ita ce babba a ɗakinmu, ni ce ta huɗu, a gidanmu na Ƙofar Guga. Ma'aikaciya ce a sashen haƙori na wani asibitin gwamnati a nan Katsina. Ba likita ba ce, amma likitan yakan yi wata bai leƙo ba, don haka duk wanda ya shigo riƙe da kunci ita yake tararwa. Babanmu ba ya faɗin sunanta saboda 'yar fari ce, sai ya riƙa kiranta Likita, unguwa kuma ta ɗauka.

Mutum ce mai takura a kan baki. In ta je barka, kafin ta yaba jariri sai ta ce da mai jego ta riƙa goge masa dasashi da tsumma mai tsabta. In an ce zawon yaro na fitar haƙori ne, sai ta ce a kai shi asibiti tukuna, haƙorin ya jira. Ranar da ba ta aiki takan bi makarantun firamare da buroshi da asuwaki a jaka, ta nuna wa yara yadda ake bin haƙori daga sama zuwa ƙasa. Ba ta raina asuwaki ba ko sau ɗaya, cewa take wanda ya iya shi ya fi mai buroshin da ba ya taɓa turmin ciki. Mu ƙannenta mun sha jin kunyarta a gidan biki, don sai ta karɓe alewa daga hannun ɗan mutane ta ba shi gyaɗa.

Wanda ya fi ba ta wahala Baba ne. Ɗan kasuwa ne, yana sayar da yadi a Babbar Kasuwa, kuma goro ba ya barin bakinsa. Haƙoransa suka yi ta girgiɗi suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa tsufa ne. Ba mu gane abin ya dame shi ba sai da ya daina fita cin abinci zaure da abokansa. Mutumin da aka sani da raha ya koma magana da hannu a baki, a kai masa tuwo ɗaki ya jiƙa shi da miya ya haɗiye. Wata uku Yaya tana lallashinsa a yi masa haƙoran roba.

"Likita, ki bar ni in tahi kabari da abin da Allah ya bar mani," in ji shi.

Ta ce, "Baba, Allah ya bar maka nama a duniya, kai ka bar shi."

Ya yi dariya, ya rufe baki da hannu. Washegari ya sa babbar riga ya bi ta asibiti. Sallar layya ta shekarar ya zauna a zaure ya ci soyayyen nama a gaban mutane, a hankali, kamar mai koyon tafiya. Yaya tana leƙe ta bayan labule, na ga ta share ido da bakin mayafi.

Wannan yana cikin 'yan ranakun da na gan ta da farin cikin aikinta. Sauran duk gajiya ce. A shekarun ƙarshe na mulkin soja injin da ake gyara kogon haƙori a cike shi ya lalace, aka rufe shi da zani a kusurwar ɗaki. Daga nan aikinta ya koma cirewa kawai. Mutane kuma ba sa zuwa sai fuska ta kumbura, bayan sun gama da kanumfari, da ruwan batir, da mai ciro tsutsar haƙori na bakin kasuwa. Wata rana ta dawo ta zauna a tabarma ko takalmi ba ta cire ba, ta ce da ni, "Rabi, yau na cire ma yarinya 'yar sha huɗu haƙorin gaba. Da injin nan shina aiki da ta kai shi gidan miji. Gyara na koyo, an mai da ni mai ɓarna."

Da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ban san wanda ya kai ta murna ba. Ta tsaya layin zaɓe tun safe har rana ta take. Ba a jima ba wani kwamiti ya zo asibitin, suka ɗaga zanin, suka dubi injin, suka auna ɗakin da tef, suka ce a saurare su. Ta ɗinka sabon farin kaya ta ajiye don ranar da za a kawo sabon inji. Shekara ta zagayo, wani kwamitin ya zo ya sake auna ɗakin. Na tambaye ta ko akwai labari, ta ce, "Ɗakin dai bai ƙaru ba, bai ragu ba." Daga nan ba ta ƙara tayar da maganar ba, mu ma ba mu ƙara ba. Hawan jini ya kwantar da ita kwana shida, ta rasu bayan la'asar, ba ta kai ga ritaya ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Katsinar yau. Sashen nata an sake masa gini, akwai likitoci matasa, har da mata, kuma asibitocin haƙori masu zaman kansu sun buɗe a gari. Wannan zai faranta mata. Amma za ta ga kowane shago daga Ƙofar Kwaya zuwa gidanmu ya cika da lemon roba da alewa kala-kala. Za ta ga jikata Ummi, 'yar shekara huɗu, da baƙaƙen haƙoran gaba, uwarta na cewa ai na nono ne, za su zube. Za ta ga har yanzu sai ciwo ya hana mutum cin abinci yake tuna hanyar asibiti. Ni da kaina na gaji da faɗa, ban kuma yi rabin shekarun da ta yi tana faɗa ba.

Ba zan ɗora wa kowa laifin da ni ma nake da shi ba. Lokacin da nake da cikin fari dasashina ya riƙa jini, wani turmi na hagu ya yi kogo. Tsofaffi suka ce ciki ne ke cin haƙori, kada a taɓa sai na haihu. Yaya ta zo har gidan mijina ta ɗauke ni, lokacin injin yana da rai, ta zaunar da ni ta cike shi tana yi mini faɗa tun daga farko har ƙarshe. Ta ce in riƙa zuwa ana dubawa ko ba ciwo. Na ce to. Ban koma ba.

Watan jiya haƙorin ya tsage ina cin gyaɗa. Ga ciwon suga da ya same ni a tsufa, dasashin ya saki. Wata likita ƙarama, wadda ba a haife ta ba lokacin da aka yi cikon, ta haska bakina ta daɗe tana dubawa.

"Hajiya, wa ya yi maki wannan aikin?"

Na ce yayata ce.

"Hannunta na da kyau. Cikon bai motsa ba, haƙorin ne ya gaza. Sai dai mu cire."

Na roƙe ta ta ba ni mako guda. Ta zaci tsoro ne, ban gyara mata ba. Sati guda na yi ina taɓa wurin da harshe, don shi ne abu na ƙarshe da hannun Yaya ya taɓa da yake tare da ni.

Babu ɗakin da aka sa wa sunanta, babu hotonta a bangon asibitin, masu aiki a can yau ba su san an yi ta ba. Abin da ta bari yana cikin bakunan mutane, a Katsina da ƙauyukanta, suna tauna tuwo da shi ba su ma tuna wa ya yi ba, kuma kullum raguwa yake. Nawa an cire ranar Talata. Da likitar ta gama, na ce ta rubuta mini ranar da zan kawo Ummi. Allah ya jiƙan Yaya Binta, ya hutar da ita.